Magani da Hali: Tarihin Jinyar Kuturta a Ƙasar Daura da Lardin Katsina

Duk mai hidimar da aka tura ƙasar Daura, ko cikin gari ne, ko Zango, ko Baure, ko Sandamu, ko Mai'adua, ba zai daɗe ba zai gamu da dattijon da yatsunsa suka guntule. In aka tambaye shi, sau da yawa zai ce ya sha magani shekara da shekaru, har an sallame shi an ce ya warke. Gaskiya ya faɗa, ba sauran ƙwayar cuta a jikinsa. A garin nan kuma akwai wani sa'ansa da ya sha irin wannan magani a hannun malamin asibiti ɗaya, ga shi da yatsunsa goma cif, yana noma, ba wanda ya san ya taɓa yin cutar sai iyalinsa. Abin da muke so mu bincika a wannan darasi shi ne abin da ya raba mutanen nan biyu. Za mu bi tarihin jinyar kuturta a ƙasarmu, domin a nan ne aka fi ganin yadda magani da halin rayuwar majiyyaci suke haɗuwa su yanke abin da zai same shi. Tarihin kuma ya shafe mu kai tsaye, gama da yawa daga cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa daga gidajen jinyar kutare suka fito.

Sai mu fara da cutar kanta, a taƙaice. Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Armauer Hansen, shi ya gano ƙwayar da take kawo ta a 1873. Ƙwaya ce mai jinkirin yaɗuwa ƙwarai. Tana iya yin shekara biyar a jiki kafin alama ta fito, wani lokaci har ashirin. Yawanci ta hanci take fita daga jikin wanda bai fara magani ba, kuma sai an daɗe ana zama tare kafin a ɗauka. Mafi yawan mutane, wajen 95 cikin 100, jikinsu yana kashe ta da kansa. Fata da jijiyoyi take kamawa. Alamar farko tabo ne mai haske a fata wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi, in an shafa masa auduga mutum ba ya ji. Wannan rashin zafin shi ne tushen wahalar duka, za mu kuwa koma kansa.

Kafin zuwan asibiti

Hausawa sun san kuturta tun da daɗewa, sun kuma yi mata wurin zama cikin tsarin gari. A manyan garuruwa akwai Sarkin Kutare, kamar yadda akwai Sarkin Makafi, shi ne mai sasanta jama'arsa da yi musu magana a gaban masu mulki. Ba a cika korar kuturu zuwa daji ba kamar yadda aka yi a waɗansu ƙasashe. Yana zama cikin mutane, yana aure, yana shiga kasuwa, har karin magana ya ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Amma wurin da aka ba shi wurin bara ne. Game da dalilin cutar kuwa, wasu sun ce gado ce, wasu sun ce sakamakon rantsuwa ne a kan ƙarya, wasu sun ɗora wa abinci. Kowanne cikin waɗannan bayanai yana sa mai tabo ya rufe tabonsa da riga, domin ranar da aka sani, auren 'ya'yansa da na 'yan'uwansa ya shiga matsala. Haka mutum zai yi shekaru yana shan sassaƙe da saiwa a ɓoye, jijiyoyinsa suna mutuwa a hankali.

Zamanin allurar mai

Ƙasar Daura tana cikin Lardin Kano har 1934, lokacin da aka haɗa ta da masarautar Katsina aka yi Lardin Katsina. Sarkin Daura a lokacin shi ne Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, wato kusan dukan canje-canjen da za mu faɗa a ƙasa a zamaninsa suka fara. A Katsina kuwa Muhammadu Dikko ne yake kan gado.

Har zuwa wannan lokaci gwamnatin Turawa ba ta yarda 'yan mishan su kafa aiki cikin masarautun Musulmi ba, sai kaɗan. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Hukumomin En'e suna da sansanonin kutare, amma ba likitoci, ba ma'aikata. Ƙungiyar BELRA ta Ingila, wadda aka kafa a 1924 domin yaƙi da cutar, tana matsa wa gwamnati ta yi wani abu. Albert Helser, wanda ya yi aiki a Garkida inda aka buɗe gidan kutare tun 1929, ya koma mishan ɗin SIM, ya zama mai shiga tsakani. A 1937 aka miƙa wa SIM kula da gidajen kutare na larduna uku: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga kusa da birnin Katsina. Babbar Ruga ita ce ta lardin da Daura take ciki, tafiyar wajen kilomita 80 daga garin Daura. A zamanin jaki da ƙafa, ga mutum mai gyambo a tafin sawu, wannan ba ƙaramar tafiya ba ce, kuma wanda ya tafi ya san ba kwana kaɗan zai yi ba.

Maganin da ake da shi a lokacin man wata bishiyar Indiya ne da ake kira calmugura. Allurarsa ake yi, cikin nama ko cikin fatar tabon, ana maimaitawa mako bayan mako har shekaru. Allura ce mai zafi, takan kuma bar ƙurji. Likitoci da kansu sun yi ta gardama a kan amfaninta. Ga masu cutar mai sauƙi ana ganin sauƙi, amma irin waɗannan da yawa jikinsu yakan ci ƙarfin cutar ko ba magani. Ga masu cutar mai nauyi, waɗanda fuskarsu take kumbura, man ba ya yin wani abin kirki.

Duk da haka mutane da yawa sun sami sauƙi a waɗannan gidaje, kuma ya kamata mu tsaya mu tambayi dalili. Majiyyaci yana samun abinci a kan kari. Ana wanke masa gyambo ana ɗaurewa. Ana yi masa maganin tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da suke raunana jiki. Ana ba shi gona daidai ƙarfinsa, yara suna zuwa makaranta, wasu suna koyon saƙa da gini da ɗaurin miki. Mutumin da aka saba jefa wa sadaka daga nesa, ga wani yana kama hannunsa yana dubawa. In muka auna da kyau, a wannan zamani maganin rarrauna ne, tsarin rayuwar ne mai ƙarfi, kuma yawancin amfanin daga tsarin ya fito, ko da yake allurar ce ta sha yabo.

Tsarin yana da tsadarsa. Mutum yana rabuwa da gonarsa da iyalinsa shekaru. Ana ɗauke jarirai daga iyayensu mata a rene su dabam don kada su kamu. Gidajen ba su iya ɗaukar ko kashi kaɗan na masu cutar a lardi ba. Akwai kuma batun addini. Sarakuna sun gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi, musamman ga yara, an kuma yi ta samun saɓani a kan yadda ake kiyaye su. Tambayar da suka tayar ba ta wasa ba ce: mutumin da abincinsa da allurarsa suke hannunka, yaya za a san amsar da ya ba ka ta zuciyarsa ce? Akwai waɗanda suka ba da gaskiya a waɗannan gidaje suka tsaya a kai har mutuwa, suka zama masu bishara da malaman ɗakin magani. Akwai kuma waɗanda suka koma gida a addininsu na dā, ba abin da ya ragu daga hakkinsu na jinya. Mai hidimar da yake riƙe da ɗakin magani ko buhun hatsin taimako a yau yana tsaye a wurin da waɗannan ma'aikata suka tsaya.

Ƙwayar dafson

Magani na gaske ya fara bayyana a 1941 a Carville ta Amurka, inda Dokta Guy Faget ya gwada allurar Promin ya ga tana aiki. Amma tana da tsada, kuma ta jijiya ake yi. Matakin da ya kawo maganin ƙauye a Najeriya aka ɗauke shi. A Uzuakoli, gidan kutare na 'yan Metodis a ƙasar Ibo, Dokta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar dafson, uwar wannan magani, in an rage yawanta, ba tare da ta zama guba ba. Ƙwaya ce ƙarama, fara, mai arha, ba ta lalacewa da zafi, ba ta bukatar allura.

Wannan ya juya aikin gaba ɗaya. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin jagorancin Dokta C. M. Ross, ta bar dogara ga tara mutane wuri guda, ta koma buɗe wuraren shan magani a ƙauyuka. Ma'aikacin En'e yana zuwa a ranar da aka sa kowane mako, da littafin sunaye da gwangwanin ƙwayoyi, a ɗakin magani ko a gindin bishiya, kowa ya haɗiye nasa ya koma gona. Asusun yara na UNICEF ya taimaka da magani. Lardin Katsina yana cikin wuraren da aka yi wannan aiki da ƙarfi. Mutumin Baure ko Zango ba sai ya bar gidansa ya tafi Babbar Ruga ba, sai in ciwonsa ya yi tsanani. Mutane masu yawan gaske suka fito, har waɗanda ba wanda ya taɓa zato. A hayin iyaka ma SIM ta buɗe asibitin kutare a Danja kusa da Maraɗi a 1956.

Sai dai nauyin da tsarin gidan jinya yake ɗauka a dā yanzu ya koma kan majiyyaci shi kaɗai. Dafson tana aiki a hankali. Mai cutar mai sauƙi zai sha shekaru, mai nauyi kuwa cewa ake yi ya sha har ƙarshen ransa. Mu dubi rayuwar manomi a ƙasar Daura. Da damina shuka da noma ba sa jiran kowa. Da kaka ga cirar gyaɗa. Da rani samari da magidanta sun tafi cin rani Kano ko kudu, ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Wani gidansa yana Najeriya, gonarsa ko surukansa suna wajen Magarya ko Matamaye, sunansa kuwa a littafi ɗaya kawai yake. Bayan wata shida tabo ya dushe, jiki ba ya ciwo, me zai sa mutum ya bar aikinsa ya je ya yi layi a wurin da duk mai wucewa ya san abin da ake bayarwa? Ba wauta ba ce, lissafi ne irin na mai iyali. Amma ƙwayar cuta ba ta san wannan lissafi ba. Magani kaɗan kaɗan, ana sha ana bari, shi ne abin da yake koya mata jurewa.

A 1964 aka tabbatar a Maleshiya cewa akwai ƙwayar kuturta da dafson ba ta kashewa. A shekarun 1970 masu bincike a Malawi da Habasha suka auna fitsarin majiyyata, suka tarar da yawa daga waɗanda suke karɓar ƙwayoyi ba sa shansu yadda aka ce. Littafin ma'aikaci yana nuna an bayar, jiki yana nuna ba a sha ba. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru matsalar ta bazu a ƙasashe da yawa. A daidai lokacin kuma gwamnatocin jihohi suka karɓi asibitocin mishan a Arewa, kulawa da aikin kuturta ta yi rauni a wurare da dama.

Abin da yake cinye yatsu

Akwai wani bincike da bai shafi ƙwaya ba ko kaɗan, mu kuwa a ganinmu ya kai gano dafson muhimmanci. Dokta Paul Brand, likitan fiɗa a Vellore ta Indiya, ya sa ido a kan hannuwa da ƙafafun majiyyatansa tun daga ƙarshen shekarun 1940. Kowa ya ɗauka cutar ce take ruɓar da nama har yatsu su zube. Brand ya nuna ba haka ba ne. Cutar tana kashe jijiyar da take kai saƙon zafi, daga nan mutum da kansa yake lalata gaɓarsa bai sani ba.

Mu kawo wannan gida. Mai lafiya in ƙotar fartanya ta fara yi masa kanta, zai sake riƙo ko ya huta. Wanda hannunsa ya mutu zai ci gaba har fata ta fashe. Mai lafiya in ya taka ƙaya zai tsaya ya cire. Wannan zai yini da ita a ƙafa, ya taka ta har kasuwar Mai'adua ya dawo. Mace za ta sauke tukunya daga murhu da hannu, ba ta sani ba sai ta ga bororo. Da sanyin hunturu mutum zai miƙa ƙafa kusa da wuta ya yi barci. Rairayin watan Afrilu yana ƙona tafin sawu. Fatar da jijiyarta ta mutu ba ta yin gumi, sai ta bushe ta tsage. Miki ya buɗe, ba ya zafi, don haka ba a hutar da shi, ƙwayoyin cuta na yau da kullum su shiga har ƙashi, yatsa ya gajarce kaɗan kaɗan. Duk wannan yana iya faruwa shekara goma bayan an kashe ƙwayar kuturta ta ƙarshe a jikin mutum.

Maganinsa ba a kwalba yake ba. Kowace rana mutum ya duba hannu da ƙafa da idonsa, tun da jikinsa ba zai faɗa masa ba. Ya jiƙa su a ruwa wajen rabin sa'a, ya goge kanta da dutse, ya shafa mai tun fata tana da laima. Ya sa takalmi mai taushin ciki da ƙarfin ƙasa, ya zazzage shi kafin ya sa. Ya naɗe ƙota da tsumma, a riƙe tukunya da ƙyalle. In miki ya fito, a hutar da ƙafar har ya rufe. In ido ba ya ƙiftawa sosai, a kare shi daga ƙura, a rufe shi da dare. Ba abin da ya fi ƙarfin talaka a nan sai abu guda, wato hutu. Wa zai yi wa mutum noma mako uku yana zaune da ƙafa a sama? Wa zai ɗebo wa matar ruwa? A Habasha, a shekarun 1990, cibiyar ALERT ta fara haɗa majiyyata ƙungiya ƙungiya suna duba ƙafafun juna suna tsawata wa juna, aka ga miki yana warkewa ba tare da an jira ma'aikaci ba. Wannan dabara ta iso Najeriya daga baya.

Magani uku a haɗe

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina ba da dafson ita kaɗai, a haɗa ta da rifamfisin da kulofazimin. Shi ma kulofazimin a Uzuakoli Dokta Stanley Browne ya gwada shi a farkon shekarun 1960. Abin lura shi ne, waɗanda suka tsara sabon maganin sun koyi darasin dafson, suka gina halin ɗan Adam cikin tsarin. An sa wa jinya iyaka: wata shida ga mai sauƙi, ga mai nauyi shekara biyu da farko, daga baya aka rage zuwa wata goma sha biyu. Ana ba da magani a fakiti na kwana 28, kowace rana da gurbinta. Mafi ƙarfin kashi, na wata wata, a gaban ma'aikaci ake haɗiye shi. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa cutar. Najeriya ta ƙaddamar da shirinta na tarin fuka da kuturta a 1991, ana horar da ma'aikata a Saye kusa da Zariya. Tun 1995 maganin kyauta ne a duk duniya. A 1998 ƙasar ta kai mizanin da aka sa, wato ƙasa da majiyyaci ɗaya cikin mutum 10,000.

Ko a nan ma akwai wuraren da ake tuntuɓe, kuma ya kamata mai hidima ya san su, domin shi za a fara zuwa wa da tambaya. Rifamfisin yana mai da fitsari ja na ɗan lokaci, wanda ba a gaya masa ba sai ya ce jini ne. Kulofazimin yana duhunta fata, budurwa kuwa tana iya barin magani saboda wannan kaɗai, alhali launin yana komawa bayan an gama. Mafi haɗari shi ne lokacin da jiki ya tayar wa matattun ƙwayoyin cuta: tabo ya kumbura, jijiya ta yi zafi, hannu ya fara rauni. Majiyyaci sai ya ce maganin ne bai karɓe shi ba, ya koma wurin mai sassaƙe. Alhali a wannan lokacin ne ya kamata ya ruga asibiti, gama akwai maganin da yake ceton jijiyar in an ba shi da wuri, in an makara kuwa ta tafi ke nan.

Akwai kuma abin da yake fitowa daga bakinmu a kan bagade. Kalmar Ibrananci da aka fassara da kuturta a Littafin Firistoci sura 13 da 14 ta ƙunshi cututtukan fata iri iri, har da abin da yake fitowa a tufafi da bangon ɗaki, ba a kuma ambaci mutuwar jijiya ko guntulewar yatsu a wurin ba. Ba cutar da Hansen ya gano ake nufi kai tsaye ba. Mai wa'azin da ya mai da kuturta hoton zunubi, ko ya tsaya a kan Gehazi da Azariya kamar kowane mai cutar hukunci ne ya same shi, bai san wa yake zaune a benci na uku da tabo a ƙarƙashin riga ba. Wa'azin nan yana iya ƙara wa mutumin shekara biyu na ɓuya, shekara biyun nan kuwa su ne tsakanin hannu lafiyayye da naƙasasshe. Haka yake ga wanda ya ce a ajiye magani don a nuna bangaskiya.

Babbar Ruga ta sake kama. Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya zo wurin a 1983 domin aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kula da su, ya fara yi musu fiɗa. Yau wurin cibiyar ƙasa ce ta wannan aiki. Kuturta kuwa ba ta ƙare ba. Har yanzu ana samun sababbin majiyyata sama da 2,000 a Najeriya kowace shekara, cikinsu da yara, da waɗanda sai da gaɓa ta riga ta lalace suka zo. A 2024 maganin ya yanke a ƙasar kusan shekara guda saboda jinkirin takardun shigo da shi, bai iso ba sai watan Maris na 2025. A watannin nan akwai waɗanda suka zo a ranar da aka sa musu, suka yi layi, aka ce su koma gida babu.